Yadda za ka gwada idon magenka da dare ka gane iyakar abin da take gani

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar mage zan yi, ko kyanwa, mu dai nan Argungu mussa muke ce mata, ɓera kuma kusu, in suna da yawa kusa, to duk wanda na rubuta a ciki ku gane abu ɗaya nake nufi. Abin da ya jawo maganar kuwa bara ne bayan an yanke shinkafar rani na zuba buhu 34 na shanshera a sito, sai kusa suka sa ni gaba, kullum da safe in na buɗe ƙofa sai in tarar da ɓawon shinkafa a ƙasa kamar an yi sussuka. Ni kuma da wayona sai na kira magini ya toshe 'yar tagar da ke sama da bulo da siminti, na sa aka buga langa-langa a ƙasan ƙofa, ko allura ba ta wucewa balle haske, sannan na ɗauki mussata na jefa ciki na ja kwado, a raina ina cewa ai mage cikin duhu take gani, yau kusa sun ga ta kansu. Kwana uku ina haka, da asuba in same ta bakin ƙofa tana ta kuka, buhuna kuma ana ta ci kamar ba a sa kowa gadi ba.

Inna ce ta fara yi min tsiya, ta ce "Kai Auta, wagga mussa taka ba ta da aiki sai kwana, kuma mi kaka nuhi da kulle ta babu ko ruwa, ba ka ji hadisin matar da ta shiga wuta sabadda mussa ba?" Na ce Inna ki yi haƙuri ai da dare ne kawai, ta ce dare ba ƙishirwa aka ji ba? Shiru na yi. Wanda ya warware min matsalar wani abokin ƙanina ne da ya karanci likitancin dabbobi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya leƙa siton ya rufo ƙofa muna ciki, ya ce yaya ɗaga hannunka, kana ganinsa? Na ce ina fa. Ya ce to ita ma ba ta ganin komai. Wallahi ranar na fara sanin cewa mage ba ta gani cikin duhu baƙi ƙirin, kuma wannan ƙyallin da muke gani a idonta ba wuta ba ce da take kunnawa, hasken da ya shiga ne yake dawowa. Abin da ta fi mu da shi kawai ɗan hasken da mu ba ya isar mu komai ita ya ishe ta, kusan kashi 1 cikin 6 na abin da idon mutum ke buƙata. Amma sai akwai ɗan hasken, ko na taurari ne.

To gani ya kori ji, ga yadda za ka gwada da kanka a gida, ba ka buƙatar komai sai tocila, ɗan auduga da haƙuri.

Fara da rana tsaka, lokacin da take kwance a inuwar bango ta kalli tsakar gida. Ka durƙusa ka duba baƙin da ke tsakiyar idonta, za ka gan shi ya tsuke ya zama siriri a tsaye kamar tsagar reza. Ka riƙe wannan a ranka. Bayan magariba kuma, kafin a kunna fitila, ka sake dubawa, sai ka ga baƙin nan ya buɗe ya zama da'ira ya kusa cinye idon gaba ɗaya, ruwan ɗorawar gefen sai ɗan zobe ya rage. Wannan baƙin ƙofa ce ta shigar haske, namu ma yana buɗewa yana tsukewa amma kaɗan ne, nata kuwa daga tsaga zuwa wagegen baki yake zuwa, ga shi idon nata ma babba ne in ka gwada da girman kanta. Shi ya sa da rana ba ta makancewa duk da ƙarfin idonta, da dare kuma take kwasar duk ɗan hasken da ke wurin. In kana da akuya a gida ka duba nata ka sha mamaki, ita tsagar a kwance take ba a tsaye ba, don ita hangen gefe da gefe take buƙata ta ga mai zuwa kama ta. Zaki kuma duk da ɗan'uwan mage ne nasa zagaye yake kamar namu.

Gwaji na biyu shi ne na ƙyalli, kuma shi ya fi daɗi, yara na son shi. Ka jira dare ya yi, ranar da aka ɗauke wuta ya fi, ka tsaya nesa da ita kamar taku 10, ka ɗora tocilar a gefen goshinka daidai saitin idonka, ka haska wajenta. In ta juyo za ka ga ido biyu kore shar kamar an kunna 'yan ƙwayaye. Yanzu ka miƙa wa wani tocilar ya matsa can gefe ya haska ta, kai kana inda kake, sai ka ga ƙyallin ya ragu sosai ko ya ɓace gaba ɗaya. Dalili, hasken yana komawa ne ta hanyar da ya fito, wanda ke riƙe da fitilar shi yake dawo wa. Mafarauta sun daɗe da sanin wannan, ba don ado suke ɗaura fitila a goshi ba. Sannan ka kashe tocilar ɗif, ka duba inda take. Babu komai. Da idon ne ke ba da wuta da kansa ai da lokacin ya kamata ya fi haskawa. Wannan gwajin na yi wa yaran gidanmu ranar da suka shigo da gudu wai sun ga aljani a kan katanga da idanu kamar garwashi, ashe baƙin muzurun maƙwabta ne ya zo zawarcin tantabaruna, na kashe fitila na ce to ina aljanin, na kunna ya dawo, na kashe ya tafi, ƙaramar ta ce Baba ashe aljanin batir yake amfani da shi. Amma fa kar ka daɗe kana dalle mata ido, daƙiƙa biyu uku ya isa, kuma irin jan hasken nan mai tsini da yara ke saye a kasuwa kar a kuskura a saita shi a idonta, yana ƙona ido, nata da na mutum duka.

Abin da ke ƙyallin wani ɗan shimfiɗi ne a can bangon bayan ido, masana suna ce masa tafetum, aikinsa aikin madubi. Haske in ya shiga ido yana faɗawa kan wani tantani mai kama hoto, to a idonmu duk hasken da ya wuce tantanin bai kama shi ba ya tafi ke nan, baƙin bango ya shanye shi, amma a na mage sai ya bugi madubin nan ya dawo ya sake ratsa tantanin karo na biyu, kamar mai tsince a gonar da aka gama girbi, abin da ya kuɓuce a zagayen farko a kama shi a na biyu. Ragowar da ya fito waje shi muke gani kore. In kana so ka ga abin da idonka ka bari sai babbar sallah, kafin a babbaka kan rago ka ce mahauci ya ciro maka ido ɗaya, ka yanka shi biyu da sabuwar reza, wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai zai zubo, ka goge a hankali ka duba cikin ƙoƙon bayan. Rabi baƙi ne, rabi kuma wani launi ne tsakanin shuɗi da kore mai sheƙi kamar wuyan tantabara, wallahi abin sha'awa, na daɗe ina juya shi a rana ranar da na fara gani. Shi ne wannan madubin. Rago na da shi, saniya, akuya, kare, kura, har kada, shi ya sa masunta ke gane kada a ruwa da dare ta jan idonsa. Mu 'yan'adam ba mu da shi. Wani Bature ma a Ingila mai suna Percy Shaw a 1934 ya yi rajistar 'yan ƙananan gilasan nan da ake dasawa a tsakiyar titi suna mayar wa direba hasken motarsa, har yau idon mage ake kiransu a can. In magenka mai shuɗin ido ce kar ka tsorata in ka ga nata ya ba da ja maimakon kore, haka irinsu suke.

Bayan madubin akwai wani abu da ba za ka iya gani da ido ba sai dai ka ga aikinsa. Tantanin nan mai kama hoto ƙwayoyi iri biyu ne a jikinsa, wasu na rana masu rarrabe launi da fito da abu tar, wasu na dare masu jin ɗan haske da motsi. Mage na dare ne suka yi mata yawa, na rana kaɗan, mu kuma a tsakiyar ganinmu na rana ne suka cika. To ka ga ciniki ne, an ba ta dare an rage mata rana. Ja ba ya fito mata kamar yadda yake fito mana, shuɗi da ɗorawa-ɗorawa ta fi ganewa, kuma abin da kai za ka tantance daga nesa mai yawa ita sai ta matso sosai, daga nesa dishi-dishi take gani. Shi ya sa wani lokaci kana dawowa daga masallaci magenka ta tsaya can tana maka kallon baƙo har sai ka yi magana. Amma motsi, kai, ko jelar kusu ta gilma a gefe ta gani, faɗin ganinta ya kai digiri 200, namu wajen 180.

Ga yadda za ka tabbatar. Da almuru, lokacin da kai ka fara lalube, ka ajiye ɗan dunƙulen auduga a ƙasa taku uku daga inda take, kar ka motsa shi, mai yiwuwa ko kallonsa ba za ta yi ba. Sai ka ɗaura masa zare ka ja shi a hankali, ka ga yadda kai zai juya, kunnuwa su miƙe, ta lafe ƙasa, nan za ka gane dalilin da ya sa ake mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai. Auduga nake cewa ba don komai ba sai don ba ta ƙara kuma ba ta da ƙamshi, in ka yi da ƙashin kifi ko leda to kunne da hanci ka gwada ba ido ba. Likitocin dabbobi ma da ita suke gwada ko mage na gani, su saki audugar daga sama a gabanta su ga ko za ta bi ta da ido har ƙasa. Ka yi ta ɓangaren dama ka yi ta hagu, in kullum ɓangare ɗaya take kulawa to ɗaya idon na da magana.

In kana son gasar gaskiya tsakaninka da ita sai ka yi wa kanka adalci, idon mutum na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, kuma duba waya sau ɗaya tak ya mayar da kai baya. Ka ajiye wayar a ɗaki, ka zauna tsakar gida daren da babu farin wata, bayan rabin awa ka jera kujera 'yar tsuguno, buta da kwano a hanyar da ta saba bi, ka kira ta. Za ta ratsa su ko ɗaya ba ta taɓa ba, kai kuma tashi ka bi hanyar ka ji yadda buta za ta yi kuka. Ni dai ƙafata ta gaya min.

Wani abin dariya kuma, duk wannan idon, abin da ke daf da hancinta ba ta ganinsa da kyau, in abu ya matso ƙasa da taƙin hannu ɗaya da 'yan kai sai ya dushe mata. Ajiye mata ɗan guntun nama daidai ƙarƙashin haɓarta ka ga yadda za ta yi ta shinshine-shinshine tana nemansa alhali ga shi nan. A wannan tazarar gashin bakinta ne ke karɓar aiki, guda 12 ko kusa da haka kowane gefe, saiwarsu na da zurfi da jijiyoyi, in ta cafke kusu sai su tanƙwaro gaba su kewaye shi ta san inda wuyansa yake, kuma da su take jin bango da faɗin rami a wurin da babu haske sam. Don Allah a hana yara yanke mata su da almakashi, na san gidaje da yawa ana yi wai wasa, za su sake tsirowa amma kafin nan ka mayar da ita mai lalube. Kunne ma haka, tana jin ƙara mai siririn sauti har wajen 64,000 a ma'aunin sauti da ake kira hertz, inda namu ke tsayawa a 20,000, ɓeraye kuwa da irin wannan siririn sautin suke kiran junansu, mu ba mu ji ita tana ji, kowane kunne kuma yana juyawa da kansa. Ke nan a sitona ba wai ba ta san kusan na nan ba ne, tana jin su sarai, amma babu hasken da za ta auna tsalle, sannan na jingine buhunan da bango tsam babu ta inda za ta shiga bayansu, su kuma can suka yi rami ta ƙasa suna shagalinsu.

Abin da na gyara ke nan. Na fasa bulo ɗaya a sama na sa wayar raga mai ƙananan ido, haske na shiga iska na shiga kusu ba ya shiga. Na jera katako a ƙasa na ɗora buhunan a kai, na bar tazara tsakaninsu da bango wadda mage za ta wuce ta juyo, da wata 'yar hanya a tsakiya. Daren da sama ta yi duhu sosai, musamman da damina in hadari ya rufe, ina rataye 'yar fitilar sola wadda batirinta ya kusa mutuwa a bakin ragar, ba a son mai ƙarfi, wannan mai ja-ja ɗin da kai za ka ce ba ta da amfani ita ce daidai. Na daina kulle ta kwana guda, ina buɗe mata ne daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i, sai kuma da asuba in na fito salla, don ita ainihin lokacin farautarta ke nan, almuru da duku-duku, tsakar dare ma barci take yi wani lokacin. Ruwa a kwano kullum, Inna na dubawa. Kuma in ta kama kar ka ɗauke gawar da hannu, sa leda ko shebur ka binne, zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin wani irin ɓera ake ɗaukarsa, tun 1969 aka fara gano shi a garin Lassa ta jihar Borno kuma har yau yana kashe mutane duk rani. In kuwa ka sa mage gadi to ka haƙura da maganin ɓera, ko ɗaya ko ɗaya, kusun da ya ci guba shi ne mai tafiya a hankali wanda za ta fara kamawa, na san wanda ya rasa magensa da 'ya'yanta uku a haka.

Sai maganar ciyarwa, nan ne mutanenmu suka fi kuskure. Ana cewa wai a bar ta da yunwa ta fi kama ɓera, wannan ba haka ba ne, ƙosasshiya ma tana farauta don halinta ne, mai yunwa kuwa gidan maƙwabta za ta koma ko ta koma kan 'yan tsakinka. Kuma ɗumamen tuwo da fura ba abincin mage ba ne. Akwai wani sinadari a nama da kifi da ake kira taurin, jikinta ba ya iya haɗa isasshensa da kansa, in ta daɗe ba ta samu ba tantanin idon ne ke lalacewa a hankali har ta makance, kuma in ya lalace ba ya dawowa, tun 1975 masu bincike a Amurka suka tabbatar da haka. Mu da muke bakin gulbi ba mu da uzuri, kan tarwaɗa da ƙananan kifin da masu sayarwa ke zubarwa da yamma ya isa, ka dafa ka cire manyan ƙayoyi ka ba ta har da romon, don sinadarin yana fita cikin ruwan dahuwa. Zuciyar kaza da ƙundu ma suna da kyau. Hanta kuma, wadda tsofaffinmu ke ba mai dundumi, ita ma tana amfanarta amma sau ɗaya a sati ya isa, in ta yi yawa tana sandarar mata da ƙashin wuya. Kar a sa albasa ko tafarnuwa a abin da za ta ci, suna lalata mata jini.

In ka yi gwaje-gwajen nan ka ga baƙin idon a buɗe wage ko a cikin rana, ko ɗaya babba ɗaya ƙarami, ko ido ɗaya na ƙyalli ɗayan ba ya yi, ko wani farin tantani ya taso daga gefen hanci ya rufe rabin idon ya ƙi komawa, ko kwantsa mai ruwan ƙwai ta like shi, ko tana cin karo da kayan da ka jera, to ka kai ta asibitin dabbobi kar ka tsaya dabara. Tsohuwar mage in ta makance dare ɗaya sau da yawa hawan jini ne, kuma in an yi sauri akan ceto wani abu. Kafin ka kai ta iyakar abin da za ka yi ka goge kwantsar da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da audugarsa. Ban da ragowar maganin ciwon idon da aka rubuta wa wani a gida, ban da kwalli, kuma ko da wasa kar a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. 'Yan jarirai kuma da ido a rufe ake haihuwarsu, sai sun yi kwana 7 zuwa 10 yake buɗewa da kansa, kar yaro ya ce zai taimaka musu da yatsa, kuma duk da shuɗin ido suke farawa kafin ya rikiɗe, a bar su a lungun da uwar ta zaɓa mai duhu-duhu.

Tawa dai yanzu ta haihu huɗu a bayan buhunan, cikin tazarar nan da na bari, Inna ta riga ta yi wa ƙawarta ta Gulma alkawarin biyu tun ba su buɗe ido ba, ni da na sha wahalar fasa bulo ko tambayata ba a yi ba.